Dukiya mai juyawa da kuɗin hannu a tarihin haƙar uraniyom a Nijar, 1971-2025

1. Gabatarwa

A cikin watan Oktoba na shekara ta 2024 kamfanin SOMAÏR yana da tan 1,050 na uraniyom jibge a Arlit, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa ya kai Yuro miliyan 300, wato kusan sefa miliyar 200. Duk da haka, a cikin wannan watan ne aka ba da sanarwar tsai da aiki saboda rashin kuɗi. Wannan takarda tana son ta bayyana yadda haka ta yiwu. Waɗanda suka riga mu rubutu bisa Arlit sun fi mai da hankali ga siyasar da ke tsakanin Yamai da Paris, ko ga yawan ƙarfen da ake fitarwa kowace shekara. Mu za mu bi tarihin ne ta fuskar kuɗin da kamfani ke iya taɓawa yau ya biya albashi, ya sayi mai, ya sallami mai bin sa bashi.

Kafin nan ya kamata mu daidaita kalmomi. Tsarin lissafin kuɗin kamfanoni na SYSCOA, wanda ya fara aiki a ƙasashen UEMOA ran 1 ga Janairu 1998, ya raba dukiyar kamfani gida uku. Akwai actif immobilisé, wanda muka fassara da kafaffiyar dukiya: rami, masana'anta, injuna, gidajen ma'aikata. Akwai actif circulant, dukiya mai juyawa: kayan da ke cikin sito da bashin da kamfani ke bin masu sayen kayansa, wato duk abin da ake sa ran zai koma kuɗi kafin shekara ta zagayo. Sannan akwai trésorerie, kuɗin hannu, na akwati da na banki. Manomi ya san wannan rabo tun kafin a rubuta shi, domin gona daban take, hatsin rumbu daban, damin da ya ranta wa maƙwabci daban, abin da ke cikin aljihunsa ranar kasuwa kuma daban. Abin da Faransanci ke kira liquidité shi ne nisan da ke tsakanin rumbu da aljihu: kwana nawa za a yi, kuma asarar nawa za a ɗauka, kafin kaya su zama kuɗi.

Ga mai gero nisan bai wuce kasuwar ƙauye ba. Uraniyom kuwa ba shi da irin wannan kasuwa. Garin nan mai launin rawaya da ake ɗurawa cikin gangunan ƙarfe a Arlit ba ya amfanar kowa sai ya bi ta masana'antar da za ta sarrafa shi, kuma irin waɗannan masana'antu ƴan kaɗan ne a duniya, a Faransa, Kanada, Amurka, Rasha da Sin. Cinikinsa ma yana ƙarƙashin sa ido na hukumar makamashin nukiliya ta duniya.

2. Hanya da mai saye

A shekara ta 1957 ne masu binciken ma'adinai na Faransa, suna neman tagulla a Azelik, suka ga alamar uraniyom. Hukumar nukiliya ta Faransa, CEA, ta ci gaba da binciken har aka kafa SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da ƙarfe daga buɗaɗɗen rami a Arlit a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ya fara aiki a ƙarƙashin ƙasa a Akuta a 1978. A cikin COMINAK kamfanin Cogema na Faransa yana da kashi 34 cikin ɗari, Nijar 31, kamfanin OURD na Jafan 25, ENUSA na Sifen 10. Cogema shi ne ya shiga cikin Areva a 2001, wanda ya koma Orano a 2018.

Abu biyu ne suka siffanta dukiya mai juyawa ta waɗannan kamfanoni tun daga farko, kuma ba su sake ba har ƙarshen zamanin da muke dubawa.

Na farko hanya ce. Tan guda na dutsen da ake haƙowa ba ya ba da fiye da ƴan kilo na uraniyom, kuma ba a raba su da dutsen sai da asid, wanda ake yi a can Arlit da farar wuta. Farar wutar nan, da nakiya, da gazuwal, da kayan gyaran injuna, da sauran sinadarai, duka daga waje suke zuwa. A sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, jirgin ƙasa ya kai su Faraku, manyan motoci su ɗauka su ƙetare kogi a Gaya, su bi ta Doso, Birnin Ƙonni, Tawa da Agadas. Tafiyar ta kusa kilomita 2,000. Gangunan uraniyom kuma ta nan suke komawa, su shiga jirgin ruwa zuwa Faransa, inda masana'antar Malvési, kusa da Narbonne, ke karɓarsu. Kamfanin da ke zaune a ƙarshen irin wannan hanya dole ne ya ajiye kayan aikin watanni a sito, domin in farar wuta ta yanke mako guda masana'anta ta tsaya. Ke nan kuɗinsa a ɗaure suke ta fuska biyu: ya biya kayan da ba zai yi amfani da su ba sai nan da watanni, ya kuma jira kuɗin ƙarfen da ya riga ya kashe wa albashi da wuta. A tsakani kuwa ma'aikaci ba ya jira, ƙarshen wata ƙarshen wata ne.

Na biyu mai saye ne, kuma a nan ne kamfanonin Arlit suka bambanta da ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram. Ba su neman abokin ciniki. Masu hannun jarinsu su ne masu sayen kayansu: kowane yana da ikon ɗaukar ƙarfe gwargwadon jarinsa, ya biya farashi guda wanda ake zama a tsayar tsakanin gwamnati da abokan hulɗarta, da kuɗin sefa bisa kowane kilo. Saboda haka bashin da ke rubuce a littafin SOMAÏR ko COMINAK, bashi ne da kamfani ke bin iyayengijinsa. Wannan tsari yana da alfanu babba. Ganga ba ta kwana tana jiran mai so, kuma bashin da ake bin Cogema ko masu wutar lantarkin Jafan irin bashin ne da ba a fargabar ya mutu. Sai dai yana da sharaɗi wanda ba a rubuta a littafin lissafi ba, shi ne masu jarin su kasance suna jituwa, kowane kuma yana da kuɗin ɗaukar rabonsa.

3. Shekarun wadata

Tashin farashin man fetur a 1973 ya sa Faransa, a Maris 1974, ta ƙudura gina tashoshin nukiliya masu yawa. Shugaba Diori Hamani ya nemi a sake duba farashin uraniyom, ana cikin tattaunawar ne sojoji suka kifar da shi ran 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya hau. An yi ta muhawara bisa alaƙar abubuwan biyu, ba kuma aikin wannan takarda ba ne ta raba gardamar. Abin da ya shafe mu shi ne farashi. Laba guda, wato abin da bai kai rabin kilo ba, wadda ba ta kai dalar Amurka 10 ba a 1973, ta haura 40 kafin ƙarshen 1976. Tashin ya yi tsanani har kamfanin Westinghouse na Amurka, wanda ya yi alkawarin sayar da uraniyom ɗin da ba shi da shi a hannu, ya bayyana a Satumba 1975 cewa ba zai iya cikawa ba.

A 1976 gwamnati ta kafa ONAREM domin ya riƙe jarin ƙasa ya kuma sayar da rabonta. Wajejen 1980 uraniyom ya kai fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin kayan da Nijar ke fitarwa. An soke harajin kai da ke wuyan talaka, an zuba kuɗi a asusun jari na ƙasa, FNI, aka gina makarantu da asibitoci, a Yamai kuma aka ɗaga Palais des Congrès da otal ɗin Gaweye da benen ONAREM.

Ana yawan jera waɗannan ayyuka wuri guda a kira su almubazzaranci. A ganinmu wannan hukunci bai yi adalci ba, domin biyu daga cikin manyan ayyukan zamanin sun taɓa ainihin matsalar da muka bayyana a sama. Kwaltar da aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda ake kira hanyar uraniyom, ta rage kwanakin da kaya ke yi bisa hanya, duk kwanan da aka rage kuwa kuɗi ne aka kwance. Kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, ya fara ba mahaƙan wutar lantarki a 1981 daga gawayin ƙasa na Anu Araren kusa da Cirozerin, aka huta da jigilar wani ɓangare na gazuwal daga bakin teku. Kuskuren yana wani wuri ne. Kuɗin uraniyom kaɗai ba su ishi duk abin da aka tasar wa ginawa ba, sai aka ciwo bashi daga bankunan kasuwa na waje, masu ruwa mai yawa da wa'adi gajere, bisa zaton farashin zai dore. An mai da kuɗin hannu kafaffiyar dukiya, wadda ba a iya yanko gefenta a biya albashi, aka kuma ɗora wa baitulmali biyan da ke zuwa kowace shekara ko an sayar da ƙarfe ko ba a sayar ba.

4. Shekarun ƙunci

Haɗarin tashar Three Mile Island a Amurka, ran 28 ga Maris 1979, ya zo a lokacin da aka riga aka haƙo uraniyom fiye da buƙata. Kamfanonin lantarki da suka tara ajiya saboda tashoshin da aka fasa ginawa suka shiga sayar da rarar. Abin lura shi ne a daidai lokacin da farashi ke gangarowa ne ƙarfen Nijar ya kai ƙololuwa, fiye da tan 4,000 a 1981, domin ramin da aka soma haƙa a zamanin tsada sai a zamanin araha yake nuna. A waɗannan shekaru ONAREM ya nemi masu saye inda duk suke, har da Libiya da Iraƙi. Haɗarin Cernobil a 1986, da uraniyom ɗin tsohuwar Tarayyar Sobiyet da ya malalo kasuwa a farkon shekarun 1990, suka ƙarasa abin da ya saura, laba ta sauka ƙasa da dala 10.

A nan ne tsarin mai-jari-shi-ne-mai-saye ya nuna amfaninsa da iyakarsa. Farashin da ake tsayarwa a teburin shawara ya kasance sama da na kasuwar duniya shekaru da dama, saboda Faransa da Jafan sun fi son tabbacin samun ƙarfe bisa ga araha. Kamfanonin biyu suka rage abin da suke fitarwa zuwa kimanin tan 3,000 a shekara, suka sallami ma'aikata da yawa, amma ba su rufe ba, alhali a Amurka mahaƙa da dama sun rufe a wannan zamani. To amma farashin da ya isa a biya albashi da farar wuta, ba lalle ne ya bar riba ba. Rabon gwamnati kuwa mafi yawansa daga riba yake fitowa, ta hanyar haraji da ribar hannun jari. Kamfani ya tsira da kuɗin juyawarsa, baitulmali ya bushe.

A 1983 Nijar ta rattaba hannu da asusun FMI, ta kuma je gaban ƙungiyar masu bin bashi ta Paris neman a ɗaga mata wa'adi. Farin 1984 da rufe iyakar Nijeriya daga 1984 zuwa 1986 suka ƙara nauyi. Daga nan rashin kuɗin hannu ya riƙa bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Gwamnati ba ta biya ƴan kwangila da kamfanoninta ba, su kuma ba su biya banki ba, har bankin BDRN, wanda shi ne babba a ƙasar, ya durƙushe aka rufe shi a 1990, SONIBANK ya gaje shi. Ran 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy suna zanga-zangar ƙin matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi. Babban taron ƙasa na 1991 ya gaji akwati wayam, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cheiffou Amadou kuma ta amince da Taiwan a 1992 a kan rancen dalar Amurka miliyan 50. Albashin ma'aikata ya riƙa makara wata da watanni. In aka dube shi da idon mai lissafi, albashin da ba a biya ba rance ne na gajeren wa'adi wanda gwamnati ta karɓa daga malamin makaranta da ma'aikacin asibiti, ba da yardarsu ba kuma ba ruwa, su ma suka miƙa shi ga mai kanti da mai gidan haya.

Karya darajar sefa a Janairu 1994, inda faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, ya ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi ta Kwatano da duk bashin da ke rubuce da kuɗin waje, albashi kuwa bai ninka ba. Ga kamfanin da masu sayensa ke riƙe da faran da yen, wannan sauƙi ne. Ga ma'aikacin Arlit ba haka ba ne.

5. Daga 2007 zuwa 2021

Farashi ya farfaɗo har laba ta haura dala 130 a tsakiyar 2007. Gwamnatin Mamadou Tandja ta sa aka ɗaga kilo daga sefa 27,300 zuwa jika 40 a wannan shekara, sannan jika 55 a 2008, ta kafa SOPAMIN a madadin ONAREM, ta kuma karɓi ikon sayar da wani kaso da kanta. Ikon nan yana da wuya a baya. Mai ɗaukar rabonsa sai ya biya mahaƙa farashin da aka tsayar, sannan ya nemi mai saye. Muddin kasuwa tana sama da wannan farashi riba ce, in ta faɗo ƙasa da shi, kamar yadda ta yi bayan haɗarin Fukushima a Maris 2011, kowace ganga asara ce. An jingine aikin Imuraren bayan yarjejeniyar Mayu 2014, COMINAK kuma ya rufe ran 31 ga Maris 2021 bayan ya fitar da kimanin tan 75,000, ƙarfen raminsa ya ƙare. Saura SOMAÏR, inda Orano ke da kashi 63.4, SOPAMIN 36.6.

6. Rufewar ƙofofin biyu

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa takunkumi aka rufe iyakar Benin. A Satumba SOMAÏR ya tsai da masana'anta saboda ƙarancin sinadarai, bai sake tayar da ita ba sai a Fabrairu 2024. A wannan watan ne CEDEAO ta ɗage takunkumin, amma Nijar ta bar nata gefen iyakar a rufe bisa dalilin tsaro. Sakamakon haka kamfanin ya shiga halin da ya fi kowane muni ga kuɗin hannu: yana aiki, yana biyan albashi da wuta da mai, gangunan suna ƙaruwa, ba ko ɗaya da ke fita. A takarda dukiyarsa mai juyawa tana hauhawa, tun da farashin duniya ma ya haura dala 100 a farkon 2024. Wanda ya raba jimillar wannan dukiya da bashin gajeren wa'adi, kamar yadda ake koya wa ɗalibai, zai ce kamfanin lafiya lau yake. Sai an cire kayan sito daga lissafin ake ganin ramin.

Ƙofa ta biyu, ta jituwar masu jari, ita ma ta rufe. A Yuni 2024 gwamnati ta karɓe lasin Imuraren daga Orano. A Oktoba Orano ya ba da sanarwar tsai da aiki daga ƙarshen watan, yana cewa an ƙi amsa shawarwarinsa na fitar da ƙarfen ta wata hanya, kuma SOPAMIN ya yi watanni bai biya bashin da SOMAÏR ke bin sa ba. Hukumomin Nijar suka ce ba da su aka yanke shawarar ba, aiki kuma ya ci gaba. Ran 4 ga Disamba 2024 Orano ya bayyana cewa kamfanin ya fita daga ikonsa. Ran 19 ga Yuni 2025 gwamnati ta ba da sanarwar mai da SOMAÏR mallakar ƙasa, cikin hujjojinta har da cewa tun 1971 ɓangaren Faransa ya ɗauki kashi 86.3 na ƙarfen, fiye da jarinsa. Amsar Orano ita ce ɓangaren Nijar ne bai riƙa ɗaukar cikakken rabonsa ba a shekarun araha. Muna ganin maganganun biyu suna iya zama gaskiya a lokaci guda, domin ɗaukar rabo sai da kuɗin hannu, kuma mun ga a sashe na huɗu halin da baitulmali ya kasance ciki. Wanda ke da kuɗin biya a shekarun da ƙarfe ba ya riba shi ya kwashe shi, shi ne kuma ya riƙe masu saye da hanyar kaiwa gare su.

Mallakar rami da masana'anta ta koma hannun ƙasa da doka guda. Gangunan da ke sito ba su bi ta wannan sauƙi ba. A Satumba 2025 kotun sasanta rikicin jari ta CIRDI, wadda ke ƙarƙashin Bankin Duniya, ta umarci Nijar da kada ta sayar ko ta miƙa wa wani uraniyom ɗin da Orano ke cewa nasa ne kafin a gama shari'a. A ƙarshen Nuwamba 2025 Orano ya ce an kwashe wani kaso daga Arlit ba da saninsa ba, gwamnati kuma ta bayyana a gidan talabijin na ƙasa cewa za ta kai ƙarfen SOMAÏR kasuwar duniya ta sayar wa wanda ta ga dama.